Kula da tafki a Ontariyo: jagora ga masu gidajen hutu na bakin ruwa, daga buɗe gida zuwa rufe shi

Lardin Ontariyo na ƙasar Kanada yana da tafkuna kusan 250,000, kuma a bakin da yawa daga cikinsu akwai gidajen katako da mutanen birni ke zuwa su yi hutun lokacin zafi. Can ana kiran irin wannan gida "kotej". Mutumin Toronto yakan hau babbar hanya mai lamba 400 ya nufi arewa, cikin awa biyu zuwa uku ya isa yankin Muskoka, wasu kuma su karkata gabas zuwa Kawartha ko Haliburton. Al'adar ita ce a buɗe gida a dogon hutun ƙarshen mako na watan Mayu, a rufe shi a hutun godiya na watan Oktoba, kafin sanyi ya daskarar da ruwan famfo.

Duk wanda ya sayi irin wannan gida, ko ya gada, ko ya kama haya, ya shiga tarayya da mutanen da bai zaɓa ba. Filin nasa ne, amma ruwan da ke gabansa shi ne dai ruwan da maƙwabcinsa na can tsallake yake sha, yake wanka da shi. Kuma ruwa ba ya tsami banza: mafi yawan abin da ke ɓata tafki daga tudu yake gangarowa, musamman daga mita 30 na farko da ke tsakanin gida da bakin ruwa. Don haka yawancin aikin da za a bayyana a nan a kan ƙasa ake yinsa, ba a cikin kwalekwale ba.

Da farko a san fosforas

Manomi ya san buhun takin NPK. Harafin tsakiya, P, shi ne fosforas. A gona alheri ne. A tafki kuwa shi ne ke ciyar da gansakuka, domin a yawancin tafkunan ruwan daɗi shi ne abincin da ya fi ƙaranci, kuma da zarar ya ƙaru sai gansakuka ta samu abin da take jira. An tabbatar da haka a 1973 a wani tafkin gwaji mai lamba 226 kusa da garin Kenora, ƙarƙashin jagorancin masanin ruwa David Schindler. An raba tafkin biyu da labulen roba, aka zuba kabon da naitirojin a ɓangarorin biyu, aka ƙara fosforas a ɓangare ɗaya kawai. Wannan ɓangaren ya rikiɗe ya zama kore shar, ɗayan ya zauna yadda yake.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar adadin. Ana auna shi da maikurogiram a kowace lita. Ƙasa da 10, ruwa garau ne. Tsakanin 10 da 20, matsakaici. Ya haura 20, a sa ran gansakuka za ta dami mutane. Maikurogiram 10 a lita daidai yake da giram 10 a cikin lita miliyan ɗaya, wato kamar ƙaramin cokali biyu. Buhun taki guda da aka watsa wa ciyawar ado a kan gangara ba ƙaramin abu ba ne ke nan.

Akwai kuma wata illa ta ɓoye. A lokacin zafi ruwan tafki mai zurfi yakan rabu hawa-hawa, mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, ba sa gaurayuwa. Gansakukar da ta mutu tana nutsewa ƙasa ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar oksijin da ke can. Kifin tirawut na tafki, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi mai iska, shi ke fara shan wahala. Shi ya sa gwamnatin lardin ta sa ma'aunin miligiram 7 na oksijin a kowace lita ga ruwan ƙasan irin waɗannan tafkuna, kuma inda aka gaza kai wa haka akan hana yanka sababbin filaye cikin mita 300 daga bakin ruwa. Idan iskar ta ƙare ƙarƙaf, laka da kanta takan saki fosforas ɗin da ta riƙe shekara da shekaru. A nan ne gyara ke yin wuya, don ko kowa ya daina zubawa yau, tafkin zai ci gaba da ciyar da kansa daga ƙasa.

Tankin masai: inda aka fi yin sakaci

Waɗannan gidaje ba su haɗe da magudanar birni. Kowanne yana da nasa tsari, wanda ya yi kama da sokawe amma ya fi shi ƙa'ida. Ruwan ban-ɗaki da na kicin yana shiga tanki mai ɗaki biyu da aka binne. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya fita ta wani mataci zuwa bututai masu huji da aka shimfiɗa a kan tsakuwa, daga nan ya tsiyaya cikin ƙasa. Ƙasar da ƙwayoyin halittar da ke cikinta su ne ke ƙarasa tacewa. Tanki ba ya tsarkake ruwa, rarrabewa kawai yake yi.

Kashi na 8 na dokar gine-ginen Ontariyo ya faɗi adadi ƙarara. Gida mai ɗakin kwana biyu ana yi masa lissafin lita 1,100 a rana, mai uku 1,600, mai huɗu 2,000. Tanki ya ɗauki ninki biyu na wannan, kuma kada ya gaza lita 3,600. Tanki da bututan tsiyaya su nisanci tafki da aƙalla mita 15, ƙananan hukumomi da yawa ma mita 30 suke nema. Bututan su nisanci rijiyar burtsatse mai kyakkyawan rufi da mita 15, rijiyar haƙa da hannu kuwa mita 30. Sannan dole a samu santimita 90 na ƙasa tsakanin gindin ramin bututu da dutse ko ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Muskoka, inda dutse yake kusa da sama, wannan ne ya sa za ka ga an kawo yashi da mota an yi tudu a bayan gida. Ba ado ba ne, matatar gidan ce.

Da an buɗe gida a watan Mayu, a nemo murafen tankin a buɗe. A sami sanda doguwa, a naɗe ƙasanta da farin tsumma kamar tsawon mita ɗaya, a zura ta har gindin ɗakin farko, a bar ta minti biyu ko uku, a zaro a hankali. Inda baƙin ya tsaya shi ne kaurin dagwalon ƙasa. A haɗa da kaurin maiƙon sama. Idan su biyun sun kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan tankin, doka ta ce a kira motar kwashe masai. Ga yawancin gidaje hakan yakan zo duk shekara uku zuwa biyar, amma sanda ce alƙali, ba kalanda ba. Kada wani ya shiga tankin, kada ma ya sunkuyar da kai ciki. Iskar da ke taruwa a wurin tana sumar da mutum kafin ya ankara.

Sai matacin bakin fita, wanda ya zama wajibi ga sababbin tankuna tun 2007. A sa safar hannu a zaro shi, a wanke shi da tiyo a bisa bakin ɗakin farko don dattin ya koma ciki, a mayar. Sau ɗaya a shekara ya isa ga gidan da ba a cika zama ba. Wasu idan ya toshe sai su cire shi su jefar, ruwa ya ci gaba da tafiya, su ɗauka sun yi dabara. Abin da suka yi shi ne tura dagwalo cikin bututan tsiyaya, inda babu tiyon da zai kai.

Abin da ya fi kashe waɗannan tsare-tsare shi ne taron baƙi. Tsohon masai na zama yana zubar da lita 13 ko fiye a kowane ja, sabo lita 6 ko ƙasa. Mutum 12 a gida mai ɗaki uku, kowa ya ja sau biyar da tsohon masai, lita 780 ke nan, kusan rabin abin da aka tsara wa gidan, ba a yi wanka ba, ba a yi wanke-wanke ba. Idan aka ƙara da wankin kaya zubi huɗu a rana guda, ruwa zai ratsa tankin da gudu bai samu ya kwanta ba. Maganin mai sauƙi ne: a canza masai, a rarraba wanki a ranaku daban-daban ko a tafi da shi birni, a kuma karkatar da ruwan indararo daga kan filin tsiyaya. Kada a zuba mai, fenti, ragowar magani, ko tsumman goge jiki, har da wanda aka rubuta a ledarsa cewa yana narkewa. Kada a faka mota a kan filin, kada a dasa itace kusa da shi. Garin da ake tallatawa wai yana hana tanki cika kuwa, asarar kuɗi ne.

Alamun lalacewa ba ɓoyayyu ba ne: ciyawa ta yi layi-layi kore fiye da ta gefenta, ƙasa ta yi laushi tana wari, ruwan baho yana jinkirin wucewa, ko a ga gansakuka ta yi kauri a gaban gida ɗaya tak alhali gaban maƙwabta tsaf. Tsofaffin tankunan ƙarfe sukan yi tsatsa su ɓule, murfinsu ya rufta da mutum. Wanda ya samu irinsa a gidan da ya saya ya sa canjinsa a gaban gyaran kicin.

Bakin gaɓa: a rage aski

Mutumin birni yakan zo da idon birni. Ya sare bishiyoyi don ya hangi ruwa, ya shuka ciyawar ado har baki, ya gina katangar siminti, ya zuba yashi ya yi wurin kwanciya. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ɓarna ne. Saiwar ciyawar ado gajeriya ce, ba ta riƙe ƙasa, ba ta tare ruwan sama. Katanga tana mayar da igiyar ruwa da ƙarfinta, ta ƙwaƙule gindin katangar, ta kuma cinye gaɓar maƙwabci. Yashin da aka zuba ruwa zai kwashe shi cikin shekara biyu ko uku ya binne tsakuwar da kifi ke ƙwai a kai. Ciyawar da aka aske kuma gayyata ce ga dinyar Kanada, wadda ke son fili buɗaɗɗe inda za ta hango abin da zai kama ta, ta yi kiwo ta bar kashi ko'ina.

Shawarar da masana suka fi bayarwa ita ce a bar kashi uku cikin huɗu na tsawon gaɓa yadda Allah ya yi shi, a yi amfani da kashi ɗaya don hanya da matsayar jirgi, kuma faɗin dajin da aka bari ya kai mita 30 inda fili ya ba da dama. Wanda filinsa bai kai ba kada ya ce to shi ke nan. Mita uku ma sun fi babu.

Kafin a taɓa komai a duba takardar fili. A tafkuna da yawa masu safiyo na da sun ware ƙafa 66, kimanin mita 20, a bakin ruwa a matsayin hanyar gwamnati, kuma in ba wani mai gida na baya ya saye ta daga ƙaramar hukuma ba, har yau ba taka ba ce. Aikin da ya taɓa cikin ruwa kuma yakan buƙaci izini, akwai ma watannin da aka hana shi saboda ƙwan kifi.

Mataki na farko ba ya cin ko sisi: a kafa turaka a ja igiya, a daina aske abin da ke tsakanin igiyar da ruwa. A shekarar farko za a ga abin da ya fito da kansa, a tuge baƙin tsiro a bar na gida. Inda ƙasa ke zaizayewa sai a yi dashen sanda da itatuwan da ke son jiƙa, irin su wilo da dogwud mai jan reshe. Ana yankan rassan ne lokacin da itacen ba ya da ganye, ƙarshen kaka ko farkon shekara kafin toho. Kaurinsu kamar babban yatsa, tsawo santimita 45 zuwa 90. A yanke gindin a karkace, kan kuma a miƙe, don kada a rikice. Dasa sanda kai ƙasa shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma ba ta tsirowa. A jiƙa su a bokiti kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki. A huda ƙasa da rodi, a zura sandar har kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu su nutse, a bar ido biyu ko uku a waje, a tattake gefen sosai don kada iska ta busar da ita. Tazara santimita 60 zuwa 90. A shekarar farko a riƙa ban ruwa idan an yi fari, a kuma kewaye su da ragar waya, don barewa da biba, dabbar nan mai datse rafi da itace, ba sa barin ɗanyen reshe.

Hanyar sauka ruwa kada ta miƙe sak daga ƙofa zuwa baki, don za ta zama kwata. A lanƙwasa ta, a shimfiɗa mata ɓawon itace ko tsakuwa. Mai son hangen ruwa ya sassabe rassan ƙasa ya bar bishiyar a tsaye. Itacen da ya faɗa ruwa, in bai tare hanyar jirgi ba, a bar shi. Gidan kifi ne da kunkuru. Matsayar jirgi kuwa, mai iyo ko mai ƙafafun bututu ta fi wadda aka cika da duwatsu, don ruwa na ratsawa ta ƙarƙashinta. Idan tana iyo ne a kan soso maras rufi, a canza shi da wanda aka lulluɓe da roba mai ƙarfi, saboda soson yana marmashewa ya bazu a tafki. Majalisar lardin ta zartar da doka a kan haka a 2021.

Awon ruwa

Tun 1996 ma'aikatar muhalli ta lardin, tare da tarayyar ƙungiyoyin masu kotej da ake kira FOCA, take gudanar da shirin Lake Partner, inda 'yan sa-kai ke ɗebo ruwa a aika ɗakin gwaji da ke ƙauyen Dorset. Kayan aikin kaɗan ne, kuma mafi shahara a ciki shi ne faifan Sekki, wanda wani limamin coci masanin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya fara amfani da irinsa a 1865. Na ruwan daɗi faɗinsa santimita 20, an raba shi huɗu, baƙi da fari, da nauyi a ƙasa da igiya mai alamar tsawo.

A je wuri mafi zurfi, a jefa anga, kuma kullum wuri ɗaya ake komawa. A zaɓi tsakar rana, ruwa a kwance. A cire baƙin tabarau, a sunkuya ta gefen jirgin da ke da inuwa. A saki faifan sannu har ya ɓace, a rubuta zurfin. A jawo shi sannu har ya sake bayyana, a rubuta. Tsakiyar adadin biyu shi ne awon ranar. Ana so a yi haka kamar sau biyu a wata daga Mayu zuwa Oktoba. Igiyar da ke miƙewa idan ta jiƙe tana ɓata lissafi, a gwada ta da tef a farkon kowace shekara.

Ruwan gwajin fosforas a watan Mayu ake ɗebo shi a tafkunan arewa da ke kan dutse, jim kaɗan bayan ƙanƙara ta narke, lokacin da ruwan sama da na ƙasa suka gauraye, ɗiba ɗaya ta wakilci tafkin duka. Tafkunan kudu kuwa kowane wata ake yi. Ana zura kwalba mai nauyi zuwa zurfin da faifan ya nuna, a tace ruwan ta rariya mai laushi da ke cikin kayan, a ɗauraye kwalaben gilas da shi sau uku kafin a cika. Kada yatsa ya taɓa bakin kwalba ko cikin murfi. Ƙwaro ɗaya ɗan mitsitsi da ya tsallake rariya ya isa ya ɗaga sakamakon, shi ya sa ake cika kwalba biyu a kwatanta.

A yi hattara da fassara. Tafkin da fadama ke shayar da shi launin shayi gare shi, faifan zai ɓace da wuri ba tare da wata gansakuka ba. Tafkin da ya yi garau farat ɗaya kuma ba lallai abin murna ba ne, wataƙila ƙumbar zebura, wata baƙuwar ƙaramar halittar ruwa mai ɓawo, ce ta shigo tana tace shi. Sakamakon shekara ɗaya ba ya nuna komai, sai an jera na shekara biyar ko goma. Shirin yana auna kalsiyam da gishiri ma. Kalsiyam ya ragu a tafkunan Muskoka saboda ruwan sama mai asid na shekarun baya da saran daji, har wata ƙungiya a yankin take karɓar tokar murhu daga gidaje tana watsawa a daji don mayar wa ƙasa abin da ta rasa. Gishirin kuwa wanda ake watsawa a hanya ne don narkar da ƙanƙara, kuma in ya shiga tafki yakan daɗe bai fita ba.

Abin da jirgi ke kawowa

Wanda ya san yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru ba ya buƙatar dogon bayani a kan tsiron da ya fi ƙarfin wuri. A Ontariyo baƙin halittu uku ne aka fi tsoro. Ƙumbar zebura, ƙaramar halitta mai ɓawo biyu da zane-zane, an fara ganinta a tafkin St. Clair a 1988, ta zo cikin ruwan da manyan jiragen teku ke ɗauka don daidaita nauyi. Tana toshe bututun jan ruwa, tana yanka ƙafa, 'ya'yanta kuma ido ba ya ganinsu, suna iyo cikin ɗan ruwan da ya rage a gindin jirgi. Ta fi samun gindin zama a tafkunan Kawartha masu yawan kalsiyam. Na biyu wani ƙwaron ruwa ne mai doguwar ƙaya a wutsiya, wanda ke dunƙulewa a zaren fatsa, yana cinye ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci. Na uku ciyawar milfoyil ta Turai da Asiya, wadda guntu ɗaya da farfelar inji ta yanko yakan zama sabon tushe. Ana bambanta ta da ta gida da ƙirga: ganyenta kamar gashin tsuntsu, idan ƙananan zarurrukan sun kai tagwaye 12 ko fiye baƙuwar ce, ta gida ba ta kai haka.

Tun 1 ga Janairun 2022 doka ce a cire toshiyar gindin jirgi, a tsiyaye ruwansa, a kuma cire ciyawa da duk wata halitta daga jirgi da tirela kafin a hau hanya da shi. Wanda zai shiga wani tafki ya ƙara da wanki da ruwan zafi da ya haura digiri 50, ko injin feshi mai ƙarfi, ko ya shanya jirgin a rana aƙalla kwana biyar. A yi wankin a kan ciyawa ko tsakuwa nesa da ruwa. Wuraren da ake mantawa su ne igiyar anga, ƙarƙashin kafet ɗin tirela, da ruwan da ke cikin inji, wanda ke fita idan aka sauke shi tsaye. Ragowar ƙananan kifin tarko ba a juye su a tafki, haramun ne a zubar da bokitinsu cikin mita 30 daga ruwa. Itacen wuta ma a saye shi a yankin, don ta cikinsa ƙwarin da ke kashe bishiyoyi ke tafiya.

Gudun jirgi kada ya wuce kilomita 10 a awa cikin mita 30 daga gaɓa. Wannan ita ce doka, amma jiragen da aka ƙera don tayar da babbar igiya suna buƙatar nisa fiye da haka sosai. Tsuntsun lun, wanda hotonsa ke kan kwabon dala ɗaya tun 1987, ƙafafunsa can baya suke, ba ya iya tafiyar kirki a tudu, don haka dab da ruwa yake sheƙa ya sa ƙwai ɗaya ko biyu. Igiya guda ta isa ta share su. Dalmar fatsa ɗaya da ya haɗiye kuma tana kashe shi, alhali ta ƙarfe ko tangistan tana nan a shago.

Ƙungiyar tafki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutanen nan sun daɗe da sanin haka: ƙungiyar tafkunan Muskoka tun 1894 take, FOCA kuma an kafa ta a 1963, tana da ƙungiyoyi fiye da 500 a ƙarƙashinta. Inda babu ƙungiya, mutum biyar ko shida sun isa su fara. A zaga gida-gida da kwalekwale a tattara sunaye, a sa taron shekara a ranar Asabar cikin Yuli ko Agusta lokacin da kowa yana nan, a rubuta ƙa'idoji gajeru, a yi rajista a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, a sayi inshora kafin a shirya wasan tseren jirgi ko a kafa alamar dutse a ruwa. Kuɗin shekara ya zama kaɗan don kowa ya shigo. Asusun gyaran hanya, inda hanyar ta masu gidaje ce, a ware shi daban, don rigimar wa zai biya kuɗin share dusar ƙanƙara tsakanin masu zama duk shekara da masu zuwa wata uku ta isa ta cinye taro ɗungurungum.

A naɗa mutum ɗaya mai kula da lafiyar tafki, da mataimaki, a kuma ajiye littafin awo inda ba zai ɓace ba idan mai riƙe da shi ya sayar da gida. A sa wani ya riƙa karanta ajandar majalisar ƙaramar hukuma, don a can ake yanke izinin gini, galibi a watannin sanyi da babu kowa a bakin ruwa. Mai fili a Ontariyo, in ɗan ƙasa ne, yana da ƙuri'a a zaɓen ƙaramar hukumar da filinsa yake ko da ba can yake zaune ba, kuma kansiloli sun san da haka.

Game da maƙwabcin da ke askin ciyawa har baki, kunyata shi a taro ba ya haifar da komai sai gaba. Abin da ya fi aiki shi ne a sayo tsirrai da yawa a raba a farashi mai rahusa, ko a haɗa gidaje goma a kira motar kwashe masai rana ɗaya. Masu ba da haya su manna takarda ɗaya a jikin firij: abin da ba a zubawa a masai, ba a sabulu a cikin tafki ko da an ce mai narkewa ne, shara a kulle saboda beya, babbar dabbar daji mai bin shara neman abinci, a rage amo da dare don sauti yana tafiya nesa a kan ruwa, a kashe fitilun waje. Sannan ƙungiya ta tuna ba ita ta fara zama a wurin ba. A tafkin Pigeon an shafe shekaru ana jayayya tsakanin masu gidaje da ke ganin shinkafar ruwa ta tare musu hanyar jirgi, da mutanen Anishinabe na Curve Lake, 'yan asalin yankin, waɗanda abincinsu ne na gado kuma suke da haƙƙin girbinta. Kafin a yanke wani tsiro a ruwa, a tambaya.

Idan ruwa ya yi kore

Daga Agusta zuwa Oktoba, bayan kwanaki na zafi da rashin iska, ruwa kan yi kamar an zubar da koren fenti. A tsoma sanda: idan ta fito da zare-zare, gansakuka ce ta yau da kullum, idan ta fito kamar an shafa mata fenti, a ɗauke ta a matsayin mai guba. A ɗauki hoto a sanar da ma'aikatar muhalli da hukumar lafiya ta yankin. Kada a sha, kada a yi wanka, kada a bar kare ya shiga. Tafasawa ba ta kashe gubar, fasa ƙwayoyin take yi su ƙara sakinta, haka ma zuba bilic. Fitilar kashe ƙwayoyin cuta da ke jikin famfon gida ba a dogara da ita a nan. Ruwan gora za a sha har hukuma ta yi magana.

Rufe gida

A Oktoba a kashe famfo, a jawo bututun jan ruwa a duba ko ƙumba ta manne, a buɗe dukkan kawunan famfo ruwa ya tsiyaye. A zuba maganin hana daskarewa na famfo, mai ruwan hoda, a masai da lanƙwasar bututai. Na mota guba ne, ba ya shiga nan. Kada a share ganye a tura tafki, a bar shi ƙarƙashin bishiya. A kwashe jarkokin fetur da duk abin da ambaliya za ta iya ɗauka zuwa tudu, don ruwan Muskoka ya yi mummunar cika a 2013 da 2019. A fito da matsayar jirgi in mai fitowa ce. Wanda ya bar tasa a ruwa ya kunna injin kumfa don hana ƙanƙara kama ta, ya sa masa agogo ya rage faɗin ramin da yake buɗewa a ƙanƙarar, ya kafa alama da fitila, domin masu babur ɗin ƙanƙara suna bin gaɓa da dare, kuma sashe na 263 na dokar manyan laifuka ta Kanada ya ɗora wa duk wanda ya buɗe rami a ƙanƙara alhakin tsare shi.